Gem ɗin Harbi da Kisa: A Hana Kowa, ko a Raba Babba da Yaro?

Laccar da aka gabatar a taron iyaye da malamai a Dangoma, Ƙaramar Hukumar Kalgo, Jihar Kebbi

 

  

An nemi in yi magana kan wasannin da ake bugawa a waya da kwamfuta da akwatin PlayStation, waɗanda yaranmu ke kira gem, musamman masu harbi da sara da zubar da jini. Duk inda aka tayar da wannan zance, mutane kan rabu biyu. Wasu su ce gwamnati ta hana su baki ɗaya, kowa ya huta. Wasu su ce ai wasa ne, ba wanda ya taɓa mutuwa a cikin waya, a ƙyale yara. Ni matsayina shi ne: hanin baki ɗaya ba ya kamuwa, sakaci kuma amana ce aka ci. Abin da ke hannunmu shi ne raba abin da ya dace da babba da abin da ya dace da yaro, sannan mu san wanda zai tsaya a bakin ƙofa ya tabbatar da rabon.

Yadda abin ke isowa hannun yaro

Uba da yawa a nan zai ce bai taɓa saya wa ɗansa gem ba, kuma gaskiyarsa. Ba sai an saya ba. Hanya ta farko ita ce gidan gem, irin waɗanda ke Birnin Kebbi da Jega da sauran garuruwanmu: ɗaki ɗaya, janareto, talabijin biyu ko uku, yaro ya biya kuɗi kaɗan ya karɓi abin bugawa. Galibi ƙwallo ake bugawa, amma akwati guda ne ke ɗauke da ƙwallon da Mortal Kombat, inda ake tsinke kan abokin faɗa, da GTA, inda ake ƙwace mota a harbi ɗan sanda. Hanya ta biyu ita ce shagon caji da tura fina-finai, inda ake cika wa mutum memori. Ta uku ita ce wayar yayansa ko ta mahaifiyarsa, abokinsa ya turo masa ta Xender cikin minti kaɗan ba tare da data ba. Masu hali kuma su sayi data su shiga PUBG Mobile ko Free Fire ko Call of Duty, inda ake jefa 'yan wasa da dama a fili guda su yi ta harbin juna har mutum ɗaya ko rukuni ɗaya ya rage.

Ku riƙe waɗannan hanyoyi, domin duk dokar da ba ta bi ta kansu ba, a takarda za ta tsaya.

Rabon shekaru ba baƙo ba ne a wurinmu

Kafin mu je Turai, mu duba gida. Shari'a ta bambanta yaron da bai yi wayo ba, da mai wayo, da baligi. Umarni da salla yana da shekarunsa. A Suratun Nur an ware lokuta uku da yara za su nemi izini kafin su shiga wurin iyayensu, idan sun balaga kuma hukuncin manya ya hau kansu. Wato akwai abin da ya halatta ga babba amma ake kare idon yaro daga gare shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan alamun balaga ba su bayyana ba, mashhurin zance shi ne a jira shekara 18. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ita ma a 18 ta sa iyaka.

Ko a yaƙi na gaske an duba shekaru. Abdullahi ɗan Umar ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana da shekara 14, Manzon Allah ya mayar da shi. Ranar Khandaƙ yana da 15 aka karɓe shi. Wasan makami kuwa ba a haramta shi don kawai makami ne ba: Habashawa sun yi wasa da masu a masallaci, Nana A'isha tana kallo. A ɗaya gefen, Imamu Malik ya ƙi wasan dara irin su nardu da shaɗaranji, Risalar da muke karantawa a zaure ma ta hana su. Ke nan malamai sun daɗe suna auna wasa da ma'auni biyu: me ke cikinsa, me kuma yake shagaltar da mutum daga gare shi.

A al'ada ma haka ne. Dambe da kokawa da ake yi a bikin kamun kifi na Argungu wasannin ƙarfi ne, ana zubar da jini a dambe, amma ba a haɗa ƙaramin yaro da ƙato, kuma akwai mai rabawa. Sharon Fulani tsakanin tsara ake yinsa, gaban manya. Kakanninmu ba su kashe waɗannan wasanni ba. Sun yi musu shekaru, da fage, da lokaci, da alƙali. Gem ya shigo mana babu ko ɗaya daga cikin huɗun nan.

Kuma saɓani tsakanin mai tsanantawa da mai sassautawa tsohon abu ne a wannan gida na Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tsananta kan ganguna da kayan kiɗa da adon sarauta da ya ga suna dawowa bayan jihadi. Yayansa Shehu Usmanu, a littafinsa Najmul Ikhwan, ya sassauta, bisa hujjar cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a tilasta wa jama'a ra'ayi guda. Ba su raba gari a kan haka ba. Da wannan ladabi nake so mu yi tamu muhawarar.

Inda lambar shekaru ta samo asali

A 1993 majalisar dattawan Amurka ta zauna kan wasannin tashin hankali, bisa jagorancin sanatoci Joe Lieberman da Herb Kohl, kuma Mortal Kombat na cikin waɗanda aka nuna a zauren. Kamfanoni suka ga idan ba su yi wa kansu linzami ba za a yi musu, sai suka kafa hukumar ESRB a 1994, mai liƙa wa kowane wasa alamar shekaru. Turai ta kafa nata tsarin, PEGI, a 2003, da lambobi 3, 7, 12, 16 da 18. A wannan ma'auni wasannin ƙwallo na matakin 3 ne, GTA kuwa na 18. Jihar Kalifoniya ta so ta wuce nan, ta yi doka a 2005 da ke hukunta mai sayar wa yaro wasan kisa, amma kotun ƙolin Amurka ta soke ta a 2011 da rinjayen alƙalai 7 kan 2, tana cewa ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki.

Darasin da ya fi amfani gare mu daga Ostareliya yake. Shekaru da dama ƙasar tana da matakin 18 na fina-finai, amma na wasanni ya tsaya a 15. Duk wasan da ya wuce nan sai a hana sayar da shi. Sauya dokar na bukatar amincewar manyan lauyoyin gwamnatin dukkan jihohi, kuma na Kudancin Ostareliya, Michael Atkinson, ya tsaya kai da fata cewa buɗe matakin manya zai shigo da ƙazanta gidajen mutane. Niyyarsa kare yara ce. Amma me ya faru? Wasu wasannin aka hana, mutane suka yi odarsu daga waje ko suka sauke ta intanet. Wasu kuma aka ɗan rage musu jini, ko ma ba a taɓa su ba, aka cusa su a matakin 15. Call of Duty: Modern Warfare 2 na 2009 a Birtaniya na 'yan 18 ne, a Ostareliya kuwa ɗan 15 ke sayensa da izinin hukuma. Rashin matakin manya bai hana wasan manya shigowa ba, sai dai ya sa masa rigar yara. Daga ƙarshe aka gyara dokar, matakin 18 ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2013, kuma hukumar ta ci gaba da riƙe ikon hana abin da ya wuce gona da iri.

Abin da hani ya haifar

Ba sai mun je nesa ba. Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, bayan abin kunyar da ya girgiza masana'antar, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka ɗaure wasu, ciki har da Adam A. Zango kan faifansa na Bahaushiya. Masu fim da yawa suka koma Kaduna da wasu garuruwa suna aikinsu, kayan kuma na dawowa Kano. A 2024 hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana fina-finan da ke nuna daba. Ko mutum ya yaba ko ya kushe, ya lura da abu ɗaya: hukumar Kano tana da wanda za ta kama. Furodusa yana da ofis, ɗan kasuwa yana da rumfa. To mai gem fa? Tencent na Sin, Krafton na Koriya ta Kudu, Garena na Singafo, Rockstar na Amurka. Wace hukuma ce a Birnin Kebbi za ta aika musu sammaci?

Ƙasashen da suka fi mu ƙarfi sun gwada. Majalisar Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar hana PUBG a 2019, Jodan ta hana a shekarar, majalisar malaman lardin Aceh na Indonesiya ta ba da fatawar haramcinsa. Pakistan ta dakatar da shi a Yuli 2020, ba a yi nisa ba ta sake shi. Indiya ta hana shi a Satumba 2020 saboda tsaron bayanai da rikicinta da Sin, shekara ta zagayo ya dawo da sabon suna. Koriya ta Kudu ta hana 'yan ƙasa da 16 wasan intanet daga tsakar dare zuwa asuba a 2011. Yara suka riƙa shiga da lambar shaidar iyayensu, aka soke dokar bayan shekara 10. Sin ce ta fi kowa matsawa: tun 2021 yaro na da awa ɗaya a Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, kuma hakan ya yiwu ne don kamfanonin na cikin ƙasarta kuma kowa da sunansa na gaskiya yake rajista. Mu kuwa mun ga abin da ya faru da aka rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022: matasa suka koyi VPN, hanyar kauce wa rufewar, a mako guda.

Shin gem na mayar da yaro ɗan ta'adda?

Nan ne ake yawan wuce iyaka ta ɓangarorin biyu. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2015 akwai alaƙa tsakanin wasannin tashin hankali da ƙaruwar zafin rai. A 2020 ta ƙara bayani cewa babu isasshiyar hujjar ɗora musu laifin kisa da manyan laifuka. Wani bincike na Jami'ar Oxford a 2019, kan matasan Birtaniya kusan 1,000 'yan shekara 14 da 15, bai ga alaƙa tsakanin yawan buga irin waɗannan wasanni da faɗace-faɗacensu ba. Japan da Koriya ta Kudu na cikin ƙasashen da aka fi buga gem, suna kuma cikin waɗanda kisan kai ya fi ƙaranci.

Saboda haka duk wanda ya ce gem ne ya haifar mana da 'yan bindiga, ya bar jaki yana dukan taiki. Waɗanda suka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a Yuni 2021 suka kwashe ɗalibai ba a gidan gem suka yi karatun ta'asa ba. Tushen wannan bala'i yana cikin rikicin ƙasar noma da kiwo, da zalunci, da yaɗuwar makamai, da ƙwaya, da yaran da aka bari babu makarantar allo babu ta boko.

Amma kada wani ya ɗauki wannan a matsayin wanke gem tas. Waɗancan bincike galibi an yi su ne kan yaran da ba su taɓa jin ƙarar bindiga da dare ba. Yaron da ya gudo daga ƙauyensu, ko aka sace kawunsa, abin da allon waya ke nuna masa ba tatsuniya ba ne a wurinsa. Sannan cutarwar da aka fi tabbatarwa ba a jinin take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa kan karatu da barci da aiki, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, na tsawon shekara guda ko fiye. Akwai sayen akwatunan sa'a da kuɗi na gaske a cikin wasa, abin da Beljiyam ta ɗauka caca ce tun 2018. Akwai kuma hira da baƙi ta murya, inda yaro ɗan 11 ke magana da ƙaton da ba wanda ya san shi. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: bidiyon gawarwaki na ainihi da na 'yan bindiga da ke yawo a WhatsApp da TikTok, wanda mu manya ke turawa, ya fi kowane gem muni, kuma a wayar da muke miƙa wa yaran yake.

Hujjar masu cewa a hana

Hujja mafi ƙarfi ita ce wadda malamai ke kawowa: haram ba ta da shekaru. Tsiraici haram ne ga ɗan 40 kamar ɗan 14, to me ya sa za a liƙa masa 18 kamar an halatta shi? Amsata ita ce lambar ba fatawa ba ce. Ba ta ce wannan halal ne ga babba ba. Gargaɗi ne cewa wannan bai kamata ya kusanci yaro ba. Kamar rubutun kwalin magani ne a kemis: an rubuta na manya ne don a kare ƙananan, ba don a ce kowane babba ya sha ba. Baligi zai amsa tambaya gaban Ubangijinsa, wa'azi kuma yana nan a kansa. Yaro kuwa mu za a tambaya.

Kuma ban ce babu abin da za a hana ba. Wasan da ke wulaƙanta addini, ko yake ba da maki kan fyaɗe, ko yake jan matasa zuwa ƙungiyar ta'addanci, a hana shi ga kowa. A irin wannan ma kamfanoni na jin magana idan aka taru aka yi ta da hujja. A 2008 Sony ta janye LittleBigPlanet ta jinkirta fitowarsa a duniya saboda wata waƙa da ke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani. A 2021 masu Call of Duty suka cire shafukan Alƙur'ani da aka watsa a ƙasa cikin wasansu na Vanguard, suka nemi afuwa. Ƙorafi kan abu takamaimai ya ci nasara inda hanin baki ɗaya ya kasa.

Wa zai tsaya a ƙofa?

Lambar shekarun tana nan tuni. Duk wanda ya buɗe Play Store zai ga an rubuta 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+ a jikin kowane wasa. Matsalarmu biyu ce. Da Turanci bayanin yake, iyaye da yawa ba su san ma'anarsa ba. Sannan idan aka tura wasa daga waya zuwa waya, wasan ke tafiya, lambar ta tsaya a baya. Don haka shawarwarina kan mutane suke, ba kan na'ura ba.

Na farko, gidajen gem. Ƙaramar hukuma da masu unguwanni su san kowane gida da mai shi. Kada a karɓi yaro a lokacin boko ko Islamiyya, ko bayan Isha. A liƙa jerin wasanni da shekarunsu a bango, da boko da ajami. Wasan 18 ba a kunna shi ɗaki cike da yara. A yi wannan da yarjejeniya, ba da samame ba, domin mai gidan gem ɗanmu ne da ke neman abinci. Idan aka kore shi daga bakin titi zai koma lungu inda ba mai gani. Hisba ta fara da nasiha kafin kamu.

Na biyu, masu caji da tura fina-finai. Su ne hukumar tacewa ta gaskiya a garuruwanmu, domin ta hannunsu kaya ke bi. A zauna da su a amince cewa ba a cika wa yaro memori da abin manya.

Na uku, gida. A Play Store akwai wurin da ake sa lambar sirri a ƙayyade shekaru, akwai kuma manhajar Family Link da ke ƙayyade lokaci. Malaman makarantarmu da matasa masu ilimin waya su ware rana su saita wa iyaye, musamman iyaye mata, da yake su ke wuni da yaran kuma wayarsu ake ara. Uba kuma ya zauna kusa da ɗansa ya ga abin da yake bugawa, ya tambaye shi da wa yake magana. Waya ba ta kwana a ɗakin yara.

Na huɗu, gwamnati. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993, ba ta da ma'aikatan da za su zauna su buga dubban wasanni. Ba ta ma bukata. Ta karɓi lambobin da duniya ke amfani da su, ta ƙara abin da ya shafi addini da al'adunmu, gidajen rediyon jiha su bayyana su da Hausa da Fulfulde da Zabarmanci da Dakarci.

Na biyar, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a ƙasar Kalgo take. Malamanta da ɗalibanta su fito su binciki abin da yaranmu ke bugawa, awa nawa, da wane sakamako, domin mu daina yanke hukunci da binciken yaran Ingila. Ɗaliban kwamfuta kuma su gwada ƙirƙirar namu wasannin. Dara da langa da kokawa da kamun kifin Argungu duk sun isa a gina wasa a kansu.

Kammalawa

Daga cikin biyar ɗin nan, uku na farko ba sa jiran majalisa ko kasafin kuɗi. Zama ɗaya tsakanin mai unguwa da liman da shugaban makaranta da masu shaguna ya isa a fara su. Ina roƙon wannan taro kada ya tashi sai ya zaɓi waɗanda za su kira wannan zama, a sa mata a ciki, a sa matasa masu buga gem ɗin kansu, domin su suka san wasan da ke da ƙwallo kawai da wanda ke da abin da ba mu so.

Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ba mu ikon sauke amanarsu, ya dawo da zaman lafiya a Kebbi da ƙasa baki ɗaya.